Abokin Ɗauka

Shekara goma sha ɗaya Kawu da Bahago suka yi suna ɗaukar gilashi tare a kamfanin tagogi, kuma ko sau ɗaya ba su taɓa ƙirga ɗaya, biyu, uku ba. Sauran 'yan ɗauka duk da ƙirga suke ɗagawa, don falle guda yakan fi ƙofar ɗaki girma, in wani ya riga wani da ƙiftawar ido, to akwai mai komawa gida ba yatsu. Amma sa'ad da aka haɗa su, Bahago sabon zuwa ne daga wata ƙasa, ko gaisuwa bai iya ba balle ƙirga. Sai ya ɓullo da tasa dabarar: ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu da ƙarfen agogonsa, a ta biyun su ɗaga. Daga baya bakinsa ya buɗe har ya fi Kawu iya zolaya, amma ƙwanƙwasar ta zauna daram.

Kawu ba kawun kowa ba ne a wurin, furfura ce ta ja masa sunan. Mutum ne mai tsoron rigima, irin wanda in aka taka shi shi ke ba da haƙuri. Shi ya sa da maganar baƙi ta cika gari, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ka kunna rediyo ita ce, ka shiga bas ita ce. A ɗakin hutu mai yankan gilashi yakan buga tebur ya ce baƙi sun cinye aikin 'yan ƙasa, direban kamfani ya ce ƙarya ne, aikin da 'yan ƙasa suka raina shi baƙin suka tsince. Kowa da alƙaluman da ya jiyo a bakin wani mai digiri, kuma ba wanda ya taɓa sauya ra'ayin wani. Bahago yakan zauna a tsakiyarsu yana shan shayi, in an juyo gare shi ya ce shi dai baƙo raɓa ne, a bar shi ya bushe a hankali.

Sai dai Kawu yana da nasa ciwon a gida. Autansa ya kai ashirin da bakwai, ya yi aure, shekara uku yana zaman kashe wando da takardun makaranta a ƙarƙashin katifa. Ya nemi aikin ofis har takalminsa ya cinye, ya sauko ya nemi na ƙarfi, nan ma ba gurbi. Da safe Kawu yakan wuce shi a bakin ƙofa yana wanke kofin da an riga an wanke. Uwarsa ta daina magana, sai dai ta ajiye wa Kawu abinci da ƙarfi kaɗan fiye da da. Wannan ajiyewar ta fi zagi ciwo.

Ana nan aka yi doka cewa kowane kamfani ya rage baƙin ma'aikata, a fara da waɗanda takardar izininsu ta ƙare. Manaja ya tara su ya ce shi bai san takardar kowa ta ƙare ba, kuma ba zai tona ba sai an kawo masa magana. Gurbin da ya buɗe kuwa, ɗan ma'aikaci ne zai fara samu. Kawu ya san abin da manaja bai sani ba. Sati biyu kafin nan, suna jiran a buɗe sito, Bahago ya raɗa masa cewa tasa ta ƙare, ya miƙa ta sabuntawa, an ce ya jira wata huɗu. Ya faɗa ne kamar yadda mutum ke gaya wa ɗan'uwansa ciwon ciki.

Kwana tara Kawu ya riƙe maganar. A na goma ya shiga ofis neman sabuwar safar hannu, ya fito ba safar, ba maganar. Bai ma ambaci suna ba, cewa ya yi a duba takardun ɓangaren ɗauka, alhali baƙo ɗaya ne tak a ɓangaren. Ranar Alhamis aka kira Bahago. Ya fito ya bi kowa ya yi masa sallama, ya zo kan Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce Allah ya bar zumunci. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ranar Litinin Auta ya fara aiki, da sharaɗin da ake gindaya wa kowane sabo: gwajin wata uku, ka fasa babban falle ɗaya ka kama hanya. Aka haɗa shi da ubansa.

Auta ya riƙe aikin da hannu bibbiyu. Yana ƙirga da ƙarfi kamar ɗan makaranta, 'yan ɗauka suna yi masa dariya, su ce mai digiri ya zo koya musu lissafi. Matsalar daga Kawu take. Yaro zai ce uku, shi kuwa hannunsa yana nan ƙasa yana jiran ƙarar da ba ta zuwa, sai ya zabura ya ɗaga a makare. Ya yi ta yi wa kansa faɗa, amma abin da jiki ya haddace a shekara goma sha ɗaya ba ya gogewa a sati.

Sito kuwa ya zame masa wurin tsoro, da rana tsaka. Gilasan suna jingine jere-jere, kowanne yana mayar wa mutum da inuwarsa. In ya sunkuya zai kama, yakan hango mutum a ɗaya ƙarshen ta cikin gilashin, gajere, kai a karkace, hannun hagu a sama. Sai ya ɗago ya ga ɗansa ne, dogo, na dama a sama. Sau biyu ya zuba shayi kofi biyu a ɗakin hutu, ɗaya ba sukari, ya tsaya yana kallonsa har direba ya tambaye shi ko baƙo yake jira. Wani ya ce an ga Bahago a tasha da jaka, wani ya ce yana ɓoye a gidan ɗan garinsu yana wankin motoci. Kawu bai tambaya ba, don tsoron amsar yake ji. Kunya yake ji, da kewa, kuma bai san wacce ta fi cin sa ba.

Abin da yake riƙe da shi ɗaya ne: yaron nan ya ƙetare wata uku. In ya ƙetare, to ko ba komai an sayar da mutum an sayi wani abu. In bai ƙetare ba, an yi ba a yi ba.

Saura kwana shida gwajin ya cika aka tura su wani sabon bene, su hau da gilashin shago hawa na biyu. Matakalar ƙunci gare ta, ga kwana a tsakiya. Suka sauke fallen a kwanar kan katako don su sauya riƙo, Auta a sama, Kawu a ƙasa. Can a hawa na uku wani mai gyaran famfo ya buga ƙarfe a jikin bututu, ƙwas, ƙwas. Hannun Kawu ya ɗaga kafin kansa ya sani. Auta ko ɗaya bai ƙirga ba tukuna, yana gyara safarsa. Nauyin duka ya dawo kan kafaɗar Kawu ta dama, wadda shekara huɗu ke nan take yi masa zogi yana ɓoyewa, ta saki. Gilashin ya daki ƙarfen matakala ya tarwatse, ya yi ta zuba har ƙasa kamar ana juye tsakuwa.

Allah ya tsare, yanka ɗaya Auta ya samu a damtse. Manaja ya zo ya tsaya a kan ɓaraguzan, bai ko tambaya ba, ya dubi sabon ma'aikaci. Auta ya sunkuyar da kai, ga alama ya shirya ɗaukar laifin.

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne," in ji Kawu. "Ni na ɗaga kafin ya ƙirga. Hannuna kuma ya saki."

Manaja ya ce shekara nawa yana ɗauka bai taɓa fasa ko madubi ba, yau hannu ya saki? To gobe ya je wurin likitan kamfani a duba hannun. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan. Ɗan ɗaukan da likita ya taɓa kafaɗarsa ba ya komawa sito.

Da la'asar suka tsaya jiran bas, uba da ɗa, bandeji a hannun Auta. Kawu ya ce kada ya gaya wa uwarsa sai an ga likita. Bas ɗaya ya zo cike ya wuce, sannan Auta ya ce laifinsa ne, shi ya saki ido, alhali an gargaɗe shi game da kafaɗar. Kawu ya juyo ya tambaye shi wa ya gargaɗe shi, tunda ko uwarsa ba ta sani ba.

"Abokin aikinka, Baba. Ranar Asabar kafin in fara ya zo ya same ni a bakin layinmu."

Kawu ya ce, "Me ya ce maka?"

"Ya ce kafaɗarka ta dama ta mutu tun tuni, kana tsammani ba wanda ya sani. Ya nuna mini inda zan riƙa kamawa, kusa da tsakiya, don nauyin ya fi dawowa kaina. Ya ce shekara huɗu haka yake yi. In hawa ne in ɗauki ƙasa, kada in taɓa yarda ka ɗauka. Yau ka matsa, na ji nauyin in yi maka musu gaban mutane." Ya ƙara da cewa, "Ya ce kuma kada in bari ka gane, wai kai mutum ne mai kunya."

Kawu ya so ya tambaya ko Bahago ya san wanda ya shiga ofis, amma mutumin da ya gano ciwon da ke ƙarƙashin riga bai kamata a yi wannan tambayar a kansa ba. Ya tambayi dai ko ya bar lamba, ko ya faɗi inda za shi. Auta ya ce a'a, shi ma ya tambaye shi, sai Bahago ya yi dariya ya ce inda ake neman mai ɗauka.

Wani bas ya zo da gurbin mutum biyu. Auta ya shiga, ya juyo ya miƙo wa ubansa hannu mai lafiyar. Kawu ya ce ya yi gaba, shi zai taka. Ya bi titin a ƙasa, shaguna dama da hagu, rabinsu tagogin da suka ɗauka shi da Bahago ne, kuma bai iya ɗaga ido ya dubi ko ɗaya ba.