Motar Baiko

Mama Victoria tana tankaɗe garin masara a tsakar gida lokacin da 'yarta Jessica ta kira daga Abuja, ko gaisuwa babu.

"Mama, jar motar nan tana ina?"

"Ke, haka ake yi wa uwa sallama a Abuja?"

"Buɗe abin da na turo miki. Yanzu, Mama, don Allah."

Ta goge hannu a zani, ta ɗora tabarau. Bidiyo ne. Wata ƙaramar mota ce irin tata sak, har fitilun baya, tana ci da wuta a gefen wani faffaɗan titi na ƙasar Turawa, wata mata tana kururuwa tana fizgo yaro daga kujerar baya. Rariyar ta suɓuce daga cinyarta, gari ya watse, kaji suka taru.

Jessica ta sake kira, tana magana kamar ana bin ta. Ta ce tun shekarun baya masu irin motar suka yi ta kai ƙara: warin fetur a ciki, inji ya mutu ana tsakiyar tafiya. Daga baya kamfanin ya amsa cewa bututun mai ne ke tsagewa, fetur ya riƙa ɗiga a kan inji mai zafi, ya yi shela kowa ya mayar da tasa a gyara.

"Na sa lambar jikin motar taki a shafinsu. Tana ciki, Mama, kuma ba a taɓa gyara ta ba. Mai ita na farko bai kai ba, sayarwa ya yi, aka lodo ta zuwa Kwatano."

Warin fetur. Mama Victoria, wadda ta yi ritaya tana shugabar makaranta kuma ba ta yarda da magana sai da hujja, ta shekara tana zagin masu sayar da mai a galan kan wannan warin. Bobboi makanike ya canja filogi, ya canja famfo, a ƙarshe ya ce motar Baljiyam sai haƙuri. Ranar da motar ta mutu mata a tsakiyar gada, tirela na biye da ita, ta fito da rai, sai ta ɗauki alkawarin ba coci motar kyauta. Ranar Lahadi ta taka rawa har gaban bagade, ta ajiye makullin a tiren baiko, mata suna guɗa. Rabin zuciyarta godiya ce. Ɗaya rabin ya gaji da kanikawa ne, kuma Allah ya san da duka biyun.

"Mama? Kina ji na? Wa ke hawanta yanzu?"

Asabar ce. Yau 'yan ƙungiyar waƙa ta yara za su taro a Mugulbu a cikin motar.

Ba ta ko canja zani ba. Ta tare keke a bakin titin Yelwa, ta ce wa mai keken, wani saurayi Habib da ta taɓa koyarwa, ya kai ta cocinsu a Nassarawo kamar gidansu ne ke ci da wuta.

Ta tarar da motar a harabar coci, inji na aiki. An cusa yara a baya, wasu kan cinyar wasu, da fararen riguna da ganguna, biyu a kujerar gaba. Friday direba yana taka totur yana ɗumama ta. Tun daga ƙofa warin ya doki hancinta.

"Kashe! Friday, kashe motar nan!"

"Mama, in na kashe shi ba zai tashi da wuri ba fa."

"Na ce ka kashe!"

Ya kashe. Fasto Jonathan ya fito daga ofis yana murmushi, ya ce salama, Mama, lafiya da gari a fuska? Ta miƙa masa wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce Allah ya ji ƙansu. Ta zayyana masa duk abin da Jessica ta faɗa, dalla-dalla, kamar tana gaban allo.

"Mama, me ba a gani a waya? Kwanaki na ga akuya tana wa'azi."

"Wancan na Turawa ne," in ji Friday. "Motan nan ya saba da mu. Michika ma na kai shi na dawo."

"Ba ku jin wari? Fasto, hancinka fa?"

"Ina ji. Tun ranar da kika kawo ta muke ji." Ya sassauta murya. "Mun shafe ta da mai, dattawa sun ɗora mata hannu. Tun da ta shigo gidan Ubangiji ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma na ji ki. Bayan sujada gobe kwamiti zai zauna a kai. Yanzu dai yaran nan sun makara."

Ya yi wa Friday alama da kai. Friday ya kai hannu ga makulli.

Mama Victoria ta dube su. Ba mugaye ba ne, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ta san kwamitin, ita ma ta zauna a cikinsa: za a buɗe da addu'a, a rufe da addu'a, motar kuwa ta ci gaba da jigilar yara da masu naƙuda. Ta tagar baya wata yarinya mai giɓi tana ɗaga mata hannu.

"Na fasa," in ji ta.

"Kin fasa me, Mama?"

"Baikon. Ku ba ni motata."

Matan zumunta da ke sharar harabar suka tsaya cak da tsintsiya a hannu. Roda, shugabarsu, wadda suka yi 'yanmatanci tare, ta dafe ƙirji.

"Victoria! Abin da kika ba Allah? A gaban jama'a, da rawa?"

"Ban bayar da zuciya ɗaya ba." Ta ɗaga murya don na nesa su ji. "Tun ranar nake jin ciwonta. Kullum na hau keke sai na yi da-na-sani. Ina son abina."

Murmushin Fasto ya ɗauke. Bidiyon wuta bai motsa shi ba, amma wannan ya shige shi. Ya daɗe yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta.

"Ikilisiya ba ta riƙe kyautar da mai ita ke kuka a kai," ya ce a hankali. "Friday, sauke yaran. A nemo kekuna."

Yaran suka fito ɗaya bayan ɗaya, suna satar kallon ta. Mai giɓin ta tambayi Roda ko laifi suka yi. Roda ta ja hannunta, ta wuce ta gaban Victoria, ta janye zaninta kada ya taɓa ta. Friday ya saki makullin a tafin hannunta daga sama.

"To, Mama, sai ki ja kayanki."

Harabar ta watse. Babu wanda ya yi mata sai an jima. Ta san kafin gobe da safe labarin ya kai Michika, kuma a yadda ta faɗe shi zai je.

Habib yana nan bakin ƙofa, baki buɗe.

"Malama, mu koma gida?"

"Zo nan. Ka iya sace iskar taya?"

"Motarki fa ce, Malama."

"Shi ya sa. Duka huɗun."

Ya tsuguna da tsinken ashana. Daga bakin titi yaran suka ɗauki waƙa a cikin kekuna, ganga na amsawa, sautin yana nisa. Mama Victoria ta tsaya a rana, da gari a fuska, tana kallon jar motar tana durƙusawa a hankali.