Rabin Talatin

"Hamani, koma ka sake ƙirgawa," in ji Baba Abarci.

Na riga na ƙirga dammunan geron sau biyu tun hantsi, amma na koma bakin rumbu. Baba Abarci maƙwabcina ne, danga ɗaya ta raba mu a nan garin Korahane. Kwanansa tara ke nan kwance a kan tabarma, ƙirjinsa na kuka kamar zugazugi.

"Arba'in da biyar ne, Baba."

Matarsa Lalla ta ajiye ƙwaryar kunu kusa da kansa.

"Maigida, ka kwantar da ranka. Bara fara ta cinye mana rabi, bana Allah ya maido rabi. Ai mun koma inda muke."

Ya girgiza kai da ƙyar.

"Shekarar da ta gabaci farar, nawa muka ɗaure?"

"Sittin," na ce.

"Fara ta bar talatin. To abin da ya ƙaru bana rabin talatin ne, Lalla, ba rabin sittin ba. Sha biyar kaɗai."

Ya lalubi ƙasa da yatsa ya ja layi huɗu, ya shafe ɗaya.

"Cikin kowane dami huɗu da muka saba samu, ɗaya babu. Baki takwas ne a gidan nan. Sittin ke kai mu kaka. Wannan zai ƙare ana tsakiyar noma."

Lalla ta dubi layukan, bakinta na motsi. Na ga lokacin da ta gane, don hannunta ya tsaya a kan ludayi.

Ni kuwa na yi nadamar faɗin gaskiya. Da na ce hamsin da biyar, wa zai tashi ya duba?

Ya kama wuyan hannuna. Tafinsa da zafi.

"In na tafi, kada a buɗe rumbun nan don sadakata. A yi addu'a da ruwa."

"Baba, mutane za su yi magana."

"Su yi. Raƙumar nan tawa, ka kai wa madugu Intalla in ayarinsa ya sauko, ya ba iyalina gero. Ka yi mini alkawari."

Na yi.

Bayan la'asar ya cika. Masu gaisuwa suka cika ƙofar gida, wasu na leƙen murhu da ba wuta. Lalla ta kwaɓa laka a sakaina, ta hau tsani da kanta, ta liƙe bakin rumbun. Da ta sauko ta zauna cikin mata, lakar na bushewa a yatsunta.