Layi Biyu a Gidan Direba

Tun da 'yar wani direba ta koma wani gari aiki, ya sa layin intanet biyu a gida, don in ɗaya ya mutu na'urar da ke haɗa layukan ta koma ɗayan, kada kiranta ya wuce shi. Amma kwana da kwanaki waya shiru, fitilar na'urar kuwa koriya shar.

Ya kira mai gyara. Mutumin ya duba, ya yi dariya.

"Baba, na'urar nan taka malalaciya ce. Ƙofar kamfanin intanet kawai take ƙwanƙwasawa, da an amsa sai ta ce lafiya lau, ko da hanyar gaba ta yanke. Zan sa ta riƙa gaida wurare daban-daban masu nisa. In duk suka yi shiru, ta sauya layi."

"Wato laifinta ne?" in ji direban, har da gyara zama.

"Na jiya dai. Sauran kwanakin layinka garau yake."

Da mutumin ya tafi, direban ya lalubo lambar 'yarsa, ya daɗe yana kallo. Wataƙila aiki ya yi mata yawa. Ya ƙara wa wayar murya, ya ɗora ta a cinya.