Jan Famfo

A gidan Alhaji Sha'aban da ke unguwar Badi'a a birnin Riyadh, in hunturu ya shiga wanka rububi ne. Tsohon sakhan, wata farar tukunyar lantarki mai girman ganga da ke rataye a saman banɗaki, ba ya iya wa mutum uku. Alhaji zai yi wanka ya tafi aiki, Umma ta bi, in aka zo kan Iyatu, mahaifiyar Alhaji, sai ruwan ya koma kamar daga firij aka ɗebo shi. Ita kuwa ba ta yarda ta riga ɗanta shiga, wai mai fita nema shi ne gaba. Haka za ta fito tana karkarwa, ta rakuɓe gaban hita har ƙamshin ƙonewar zani ya tashi.

Kamila, jikarta, ba ta da yawan magana, amma duk takardar da ta faɗo hannunta sai ta karance ta, ko da ta cikin kwalin magani ce. Ita ta gano sabon injin. Da gas yake aiki, bai fi jakar tafiya girma ba, yana dafa ruwa nan take in an buɗe famfo, ya kuma tura ruwan zafi ta bututu zuwa wasu ƙarafa da ake kafawa a ɗakuna su ɗumama. Ta yi ta bin Alhaji, wanda take kira Abba, da bayani, rabi Hausa rabi Larabci, har ya gaji ya ce khalas, shi ke nan, a kawo.

Ranar da Ghali mai gyaran famfo ya zo ɗaurawa, da ya gama ya nuna tsohon sakhan da sifana.

"Alhaji, wannan dattijon fa? A sauke shi ko a bar shi ya yi ritaya a wurinsa?"

"Bar shi, ai ba ya cin tuwon kowa," in ji Abba.

Kamila na tsaye bakin ƙofa da littafin injin a hannu. Ta ce, "Abba, littafin ya ce ba a buƙatar tanki. Kuma dubi tsatsa a gindinsa. In ya faɗo wa Iyatu fa?"

Abba ya ɗaga kai ya dubi tsatsar, ya dubi 'yarsa. "To, injiniya ta yi magana. Ghali, sauke."

Sanyi ya sa ranar nan kowa ya manta da aikin sakhan na biyu. A Riyadh tankin ruwa a kan rufin gida yake. In zafi ya kankama, rana kan dafa shi, shuɗin famfo da ake kira na sanyi ya riƙa zubo da ruwan da zai iya dafa ƙwai. Sai mutane su kashe sakhan, ruwan da ke cikinsa ya kwana a inuwa ya huce, jan famfo ya koma na sanyi. Duk wanda ya yi shekara a garin ya san wannan. Iyatu ma ta sani, Kamila ce ta koya mata a shekarar da ta fara zuwa: in zafi ya zo, ja shi ne sanyi.

Iyatu ta sha ɗumi a ragowar hunturun, ta yi ta sa albarka, sannan ta tafi Haɗeja bikin wani jikanta. Tana can zafi ya shigo. Sabon injin ba shi da cikin da ruwa zai kwana. Da tsakar rana shuɗin famfo wuta, jan kuwa wuta bisa wuta, don injin a kunne yake, Umma na wanke maiƙo da shi. Aka koma tara ruwa a bokiti tun da safe. Abba in ya fito daga wanka yana fifita wuya sai ya ce, "Injiniya, mun gode, an dafa mu." Da wasa yake faɗa, amma Kamila sai ta rasa inda za ta sa idonta.

Iyatu ta dawo ana tsakiyar wannan zafin, da kilishi da daddawa da labarin duk wanda ya mutu da wanda ya haihu. Umma na juye kuka a gwangwani ta ce, "Kamila, je ki faɗa wa kakarki batun famfon nan. Kin san ba ta gani sosai, ƙafar nan kuma ciwon suga ya kashe ta, ko ƙaya ta taka ba ta ji."

"To, Umma."

Ta je har bakin ƙofar ɗakin. Iyatu na kan waya da wata ƙawarta, tana ɗaga murya kamar Haɗeja za ta jiyo ta ba waya.

"Ke Azumi, na ce miki yarinyar nan kanta na ja! Ita ta ce wa ubanta cire wannan, sa wannan. Mazan ma tsayawa suka yi suna kallo. Likita? A'a, wannan ta wuce likita."

Kamila ta tsaya da hannu a kan labule. Ta shirya maganar a zuci, ta rushe, ta sake shiryawa. Iyatu ta hango inuwarta.

"Wa ke nan? Ƙawata ce? Shigo ki gaida Azumi da Hausarki ta 'yan koyo."

Ta shiga, ta gaida Azumi, ta karɓi kilishi, ta fito. Ta ce wa kanta in an ci abinci za ta faɗa. Da aka ci abinci Iyatu ta yi barci. Sai Kamila ta cika babban bokiti ta ajiye a banɗakin, ta cika buta ta sa a gefe, ta ce ai duk mai ido zai gane.

Washegari Abba ya tafi aiki, Umma ta tafi kasuwar Dira. Gab da azahar Iyatu ta fita tsakar gida duba tukwanen yakuwarta, ta dawo tana faɗan an bar su sun bushe. Kamila na ɗaki kwance da littafi. Ta ji an jawo kujerar roba a banɗaki. Ta san wannan ɗabi'ar: Iyatu kan zauna ta miƙe ƙafa ƙarƙashin ƙaramin famfon ƙasa, ta bar ruwa na zuba tana jan carbi, wai tana sanyaya jini.

Daga kicin injin ya yi ƙyas, ya kama ruri.

Kamila ta karanta layi ɗaya, ta sake karanta shi, kafin kanta ya gaya mata abin da kunnenta ya ji. Injin ba ya tashi sai an buɗe ja.

Banɗakin ya cika da tururi. Iyatu na zaune, zani a naɗe zuwa gwiwa, carbi a hannu.

"Ƙawata, yau banɗakin nan da gumi yake. Wa ya jiƙa wanki a bokitin nan ya bari?"

Kamila ta rufe famfon, ƙarfen ya ƙona mata tafin hannu. Ƙafafun sun yi jawur, fatar yatsun hagu ta tashi fari kamar takardar da ta jiƙe. Ta jawo bokitin ta cusa su ciki, tana kuka, tana kiran Abba a waya, Larabci kawai ke fita daga bakinta.

"Ke, yi Hausa!" in ji Iyatu. "Mene ne? Kunama ce?"

A asibiti aka naɗe ƙafafun biyu. Likitan ya ce ta dama za ta warke, ta hagu sai an gani, don jini ba ya isa yatsun yadda ya kamata. Da ya fita, Abba ya juyo. Bai ɗaga murya ba.

"Ba wanda ya gaya wa Iya batun famfon?"

Umma ta dubi Kamila. Kamila ta dubi takalminta.

"An gaya mini," in ji Iyatu daga kan gado. "Jiya ta zo har ɗaki ta gaya mini. Ni ce kan ya tsufa. Ɗan'iya, kada ka tsare mini yarinya da ido, je ka samo mini shayi mai madara."

Abba ya fita. Umma ta bi shi. Kamila ta so a ce marinta aka yi.

Kwanakin da suka biyo baya kullum tana asibitin. Ta karanta duk abin da ta samu a kan ƙuna da ciwon suga, abin da ta karanta kuwa bai bar ta ta ci abinci ba. In ma'aikaciyar jinya ta zo sauya bandeji, sai Kamila ta tuna tana son ruwa, ko ta tafi neman Umma, ko ta tsaya jikin taga tana kallon motoci. Abba ya daina ce mata injiniya. Ya sa Ghali ya ɗaura wani ƙaramin tanki a inuwar bayan kicin, bai tambayi ra'ayin kowa ba, ita ma ba ta nemi littafinsa ba.

Ƙaramin yatsan hagu ya yi baƙi. Aka cire shi wata safiya.

Da Iyatu ta farfaɗo sosai, Abba ya tafi sallah, Umma ta tafi gida ɗauko abinci. Suka rage su biyu. Kamila ta zauna a bakin kujera, ta matse hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Iyatu, ban gaya miki ba."

"Na sani mana. Ƙafa ce ta mutu, ba kai ba."

"To me ya sa kika ce..."

"Da na bari ubanki ya yi miki faɗa, da kin yi kuka kin huta. Ni kuma yatsan ba zai dawo ba." Ta gyara kwanciya. "Tara sun ishe ni zuwa masallaci. Dama wannan ƙaramin ba abin da yake yi sai karo da ƙafar gado."

Kamila ta yi wata dariya da ta koma kuka. Iyatu ta bar ta ta yi, ba ta rarrashe ta ba.

Ma'aikaciyar jinya ta shigo da tire, ta fara warware bandejin. Kamila ta miƙe.

"Ina za ki?"

"Ruwa zan..."

"Zauna. Kullum in an buɗe sai ƙishirwa ta kama ki, kina tsammani ban lura ba? Ni ba na ganin ƙafar nan, ba na jin ta. Matar nan kuma in ta yi magana ba na gane ko ɗaya. In mun koma gida wa zai duba mini? Ubanki da ke suma in ya ga jinin kaza?"

Kamila ta matso. Ta dubi ƙafar. Wurin yatsan ɗinki ne baƙi, gajere, fatar gefensa ta tattare. Ta riƙe ƙarfen gadon, amma ba ta kau da kai ba.

"To? Me kika gani? Kada ki yi mini kara."

"Ɗinkin a bushe yake. Na kusa da shi, fatar ta fara rufewa." Ta ƙara sunkuyawa. "Amma a ƙarƙashin babban yatsa akwai wani ja, kuma ya ɗan kumbura. Iyatu, ban san ko haka yake jiya ba."

"Tambaye ta."

Ma'aikaciyar ta riga ta ɗauko sabon bandeji. Kamila ta ce mata da Larabci ta dakata, ta nuna wurin da yatsa. Matar ta duba, ta danna a hankali, ta ajiye bandejin ta ce bari ta kira likita.

"Me ta ce?" in ji Iyatu.

"Za ta kira likita. Ta ce gara da aka gani yau."

"To riƙe mini ƙafar kada ta zame. Ba na jin hannunki, sai ki riƙa gaya mini kina nan."

Kamila ta tallafi diddigen da hannu biyu. "Ina nan," ta ce.