Ƙofar da Ke Sauka da Kanta

"Kashe! Na ce kashe shi!"

Baba Mai Kunne ne yake kaɗa hula daga bakin shinge. Baban Manaja ya murɗe makullin tarakta, injin dunƙule ciyawar da ke jone a bayanta ya yi gurnani sau biyu ya yi tsit.

"Me kuma na yi, Baba? Lafiya ƙalau yake tafiya."

"Lafiya ƙalau a kunnenka." Tsohon ya tsallako shingen da ƙyar, yana dafe da gwiwa. "Maman Manaja, zo nan. Wannan mijin naki kunnuwansa na ado ne."

Ta ajiye ruwan da ta kawo wa maigidan, ta riƙo hannun 'yarta ta matso. Shekarar yarinyar huɗu, kuma tsohon ne ya laƙaba mata Manaja, saboda yadda take goya hannuwa a baya tana zagaya mai aiki tana tambayarsa dalili.

Ya kama hannun uwar, ya kai bayan hannun kusa da wani boris, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, a gefen injin. Ba ta kai ga taɓawa ba ta fizge.

"Wayyo, zafi!"

"To kin ji. Boris ya ci. Da ya ƙara zagaye biyu, da wuta ta kama ciyawar da ke ciki, ta haɗa da injin da mai tuƙin."

"Daga bakin shinge ka ji wannan, Baba?"

"Daga ɗakina na ji."

Ba ta yi dariya ba, don ta san ba wasa yake ba. Gidansa yana bayan shingensu. Shekara arba'in ya yi yana gyaran injinan gona, hannu ya gaji ya ajiye, kunne ya ƙi ajiyewa. Injin nasu kuwa tsohon hannu ne, da shi suke ci suke sha, su dunƙule tasu ciyawar su dunƙule ta maƙwabta. Maigidan gwanin tuƙi ne amma ba shi da haƙurin saurare, sai ya zamana ita ce ɗalibar tsohon. Shi ya nuna mata cewa in dunƙule ya fito gefe ɗaya ƙato gefe ɗaya siriri, ba laifin inji ba ne, mai tuƙi ne yake ciyar da shi ta ɓangare guda. In bel yana santsi a duba ko ciyawar ta cika bushewa. In igiya ta ƙi yankewa a wasa wuƙar kafin a zagi kowa. In ana barin ciyawa a baya, a durƙusa a ƙirga haƙoran da ke kwashe ta, za a tarar wasu sun karye.

A ranar da yamma, a rumfar ajiye inji, bayan sun canza boris ɗin, ƙofar bayan injin tana ɗage sama kamar bakin da ya yi hamma ya manta ya rufe. Tsohon ya ɗaga yatsa.

"Ku yi shiru."

Suka yi shiru. Ita dai ba ta ji komai ba sai numfashinsa.

"Tana sauka," in ji shi.

"Baba, ga ta nan tsaye," in ji maigidan.

Tsohon ya ciro alli daga aljihu ya yi zane a jikin sandar ƙarfen da ke ɗaga ƙofar, yatsa biyu daga bakin bututun mai. Kafin su gama wanke hannu, zanen ya shige ciki ya ɓace. Tsikar jikin Maman Manaja ta tashi. Ba wanda ya taɓa ƙofar, ba wanda ya ga motsinta.

"Robar cikin bututun ta mutu, mai yana zurarewa. Sakatar kullewa kuma tun a hannun mai shi na farko ta karye. Ƙofar nan ta fi shanu biyu nauyi. Tana farawa a hankali, sai ta kai wani wuri ta faɗo gaba ɗaya."

Idon uwar ya koma kan 'yarta. Manaja ta riga ta hau bakin injin ta zauna daidai inda ƙofar ke haɗuwa, tana lilo da ƙafafu. Cikin injin zagayayye ne, mai ƙamshin ciyawa, kuma tuni yarinyar ta sa masa suna ɗakinta. Uwar ta sure ta da ƙarfin da ya sa ta tsala ihu.

Washegari tsohon ya zo da bututun ƙarfe mai kauri, ya yanka shi daidai awo, ya shafe shi da jan fenti.

"Kafin sabuwar roba ta iso, wannan ne sakatarku. An ɗaga ƙofa, a tokare. Ko allura za ka ɗauko a ciki, tokare." Ya juya ga yarinyar. "Manaja, ke ce mai sa ido. In kin ga babanki bai tokare ba, ki kore shi daga aiki."

"Zan kore shi," in ji ta, hannuwa a baya.

Bayan mako biyu tsohon ya kwanta. Maman Manaja ta je duba shi ta tarar ƙafafunsa sun kumbura, an jingina shi da matashi uku don ya samu numfashi. Inna, matarsa, tana gefe tana yi masa fifita. Ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya ciro doguwar sukudirebarsa, wadda yake ɗora bakinta a jikin inji ya kara kunne a ƙotar.

"Ɗaliba, zo ki gwada." Ya ɗora bakin a ƙirjinsa.

"Haba Baba."

"Kara kunne mana."

Ta kara. Ta ji bugu, sai wani gurzo a bayansa, sai shiru mai tsawo da ya sa ta riƙe nata numfashin, sannan bugu ya dawo.

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"Ƙarya ba ta yi miki kyau. Boris ne. Irin wanda ba a sayarwa a kanti."

"Ka ji shi ko," in ji Inna, tana share ido da gefen mayafi. "Likita ya hana shi magana, ya mai da kansa tarakta."

Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo tun hantsi, ya tsaya cak bai zuba ba. Ko ganye ba ya motsi. Ciyawa yankakkiya tana kwance a gona, maigidan kuma hankalinsa ya rabu gida goma. Ya ɗaga ƙofar injin ya fitar da ɗanyar ciyawar da ta nannaɗe a ciki, sai ya tarar tayar tirelar ɗaukar kaya ta yi faci a bakin ƙofar gida. Maman Manaja ta ji tashin babur ɗinsa, ya tafi wurin mai faci.

Ta bar Manaja tana barci a tabarma ta zagaya baya kwashe shanya. Ta ninke, ta shigar, ta leƙa tukunya, ta tsince abin da za ta dafa da dare. Da ta dawo, tabarma ce kawai da takalmi ɗaya.

"Manaja!"

Shiru. Kajin gidan ma sun lafe a ƙarƙashin kwando.

Ta fita bakin ƙofa. Ga tirela a kan jak, ba taya. Ga sifana a ƙasa, kuma a jikin hannun sifanar akwai gogen jan fenti. Nan take ta gane. Noti ya ƙi kwancewa, maigidan ya ɗauko bututun tokare ya zura a sifana don ya ƙara mata tsawo, kamar yadda kowane mai gyara yake yi, ya bar ƙofar injin a sama ba komai a ƙarƙashinta.

Sai dai bututun ba ya wurin. A inda ya kwanta, wani layi ya fara a ƙasa, zane mai zurfi kamar na garma, ya miƙe zuwa rumfar inji. A gefen layin akwai sawun ƙafa ba takalmi, manya, a kumbure. Ta bi da gudu. Rabin hanya sawun ƙafa ya ƙare, sawun gwiwa da tafin hannu ya ci gaba.

Ƙofar injin ta sauko. Ta sauko har ta kusa rufewa, ta zauna a kan jan bututun da aka kafa a karkace tsakanin leɓenta da ƙarfen ƙasa. Bututun ya ɗan lanƙwasa. Ratar da ta rage ba ta fi kamu ɗaya ba. A jikin tayar injin Baba Mai Kunne yana zaune, kansa a jingine, hannunsa ɗaya a gindin bututun.

"Mama, yi a hankali," wata ƙaramar murya ta fito daga duhun ciki. "Ina aiki."

Uwar ta matso kusa. Ta fara duba bututun sama da ƙasa, ta ga ya zauna daram, sannan ta kwanta rub da ciki ta zura hannuwa.

"Zo, 'yar albarka. Kwanta ki ba ni hannu. Kada ki ɗaga kai."

Ta jawo ta waje, ta ja ta nesa har bakin rumfa, ta shafa kai, ta shafa ƙafafu, ta ƙirga yatsu. A hannun yarinyar akwai doguwar sukudireba.

"Kaka ya ce in matsa can ciki, kada in bi ta ƙarƙashin ƙofa sai kin zo. Ya ce in saurari inji in gaya masa abin da na ji."

Uwar ta koma wurin tsohon. "Baba. Baba, ga ni na zo." Ta kai bayan hannunta wuyansa, yadda ya koya mata a yi wa boris. Sanyi ƙalau.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Barci yake?" in ji Manaja. "Yanzun nan ya gama yi mini magana. Ya ce ga Mama nan tafe."

Maman Manaja ta dubi 'yarta, ta dubi hannun nata da ya taɓa wuyan. Ta cire mayafinta ta lulluɓe shi.

Inna ce ta iso tana haki, ƙoƙon magani har yanzu a hannunta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙafafun da suka leƙo daga mayafin, duk ƙasa.

"Kwana biyar ko banɗaki sai an riƙe shi," ta ce a hankali. "Ya ɗaga kai ya ce mini, an bar ƙofar injin can ba tokare, kuma akwai motsi a ciki. Na ce ka kwanta, ni ban ji komai ba. Na shiga jiƙa magani, na fito gado ba kowa."

Da babur ya dawo da taya ɗaure a baya, maigidan ya shigo yana cewa a yi sauri kafin ruwa. Ya ga mayafin. Ya ga bututun. Ya ga 'yarsa a ƙirjin uwarta. Ya buɗe baki, matarsa ta girgiza kai.

"Ba yanzu ba. Je ka kira mutane."

Ruwan ya sauko suna ɗauke da tsohon zuwa gidansa, ya kwana biyu yana zuba. Ciyawar gona ta jiƙe ta yi baƙi, ba wanda ya ambace ta. Bayan an binne shi da kwana uku sabuwar robar ta iso. Maigidan ya ɗaura ta shi kaɗai, bai ce a taya shi ba, ya yi zanen alli a sandar ƙarfen ya zauna yana kallo har la'asar. Zanen bai motsa ba. Duk da haka, da ya tashi, sai da ya ɗauko lanƙwasasshen bututun ya tokare.

Maman Manaja ta fito kiransa cin abinci, yarinyar a goye duk da ta wuce goyo. Layin da bututun ya ja a ƙasa yana nan, ya cika da ruwan sama, siriri, yana sheƙi tun daga bakin ƙofa har rumfa. Ta zo gaban layin ta tsaya. Sannan ta gyara goyon, ta ɗaga ƙafa ta tsallake shi.