Ranar da Auta Ta Wanke Wuƙar

Tun da matarsa ta rasu, tsohon kafinta ya koma kwana a ɗakin da ke bayan shagonsa. Aiki ya ja baya, ido ma haka. Sai ɗan gyaran ƙafar kujera, ko sa wa taga sakata. Yawancin yini yana kan benci yana kallon titi, ba mai tsayawa sai telan da ke shagon gefe.

'Yarsa Auta ce kaɗai take zuwa duba shi. Ita ma rabonta da shagon wata huɗu, tun ranar da ta jera masa kayan aiki yadda ta ga dama, shi kuwa ya rufe ta da faɗa a gaban mutane. Ta ɗauki jakarta ta tafi. Ya yi nadama har ya gaji. Don haka da ta bugo waya ta ce tana tafe ranar Asabar, sai ya yi wa kansa alkawari: ko shagon ta kifar, ba zai ce uffan ba.

Ta iso da hantsi, da sabulu da tsaraba. Tsarabar wuƙar aljihu ce sabuwa fil, sai ƙyalli take.

"Farin ƙarfe ne, Baba, ba ta tsatsa. Kuma in ka buɗe ta kulle ke nan, sai ka danna nan za ta naɗe. Ka huta da waccan mai cin yatsa."

Ya zaro tasa daga aljihu, 'yar siririya mai ƙotar ƙaho. Da farce ake buɗe ta, ta ce ƙas, ba abin da ke riƙe ta sai sifirin na bayanta.

"Ba ta cin yatsa sai na mai gaggawa," ya ce a hankali. "In ka yanka da bakinta, lafiya lau. In ka ce za ka soka da tsininta, to, ta naɗe maka a hannu. Sau ɗaya ta yi min, ina saurayi. Ban sake ba."

Tela ya leƙo. "Karɓi sabuwar, tsoho! Taka ko gumi ta ji sai tsatsa. Kullum mai, kullum goga, kamar jinjira."

"Farin ƙarfe ba ya jin dutse," in ji kafinta. "Ka wuni kana wasawa, yana zamewa. Baƙin ƙarfe kuwa, shafa uku ka fiƙe fensir kamar allura." Sai ya ga fuskar Auta ta fara canzawa, ya yi maza ya ce, "Amma wannan ma ta yi. Allah ya yi miki albarka."

Ta sa shi ya cire rigarsa ta haɗa da wanki. Ya sa wata, ya koma benci wajen tela. Ya manta tsohuwar wuƙar tana cikin aljihun waccan rigar.

"Wai me ya sa ba ka taɓa goge baƙin nan na jikin tsohuwar wuƙarka ba?" tela ya tambaya.

Kafinta ya dubi titi. Sannan ya ce ba datti ba ne. Shekara biyun da matarsa ta yi a kwance, ba abin da ke shiga bakinta da daɗi sai lemo. Kullum da la'asar yakan zauna bakin gado ya fere mata biyu. Ruwan lemon ne ya rina ƙarfen, ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi toka-toka, har da wurin da babban yatsansa ke zama. Ko Auta bai taɓa gaya wa ba.

Bai rufe baki ba ta fito, hannunta jiƙe, da soson ƙarfe a ɗaya hannun.

"Baba, dubi abin da na tsinta a aljihu! Na sha wuya kafin ta fita, amma kalli."

Wuƙar ta yi fari tas. Ba shuɗin, ba wurin yatsan, sai ƙananan zane-zanen soso.

Tela ya sunkuyar da kai, ya hau neman wani abu a ƙasa. Faɗa mai zafi ya zo wa kafinta har baki. Ya dubi Auta. Tana murmushi, amma idonta na kan bakinsa, tana jira, kafaɗunta a ɗage.

Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya naɗe.

"Kai, Auta. Kamar yau aka ƙera ta."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta yi dariya, ta koma wajen shanya.

Da yamma ya raka ta bakin titi. Motar haya na tsayawa Auta ta ce, "Asabar mai zuwa zan dawo, Baba. Labulen nan naka ma sai na cire shi."

"Ki cire," ya ce.

Ya tsaya har motar ta sha kwana. Ya dawo ya tarar tela ya rufe shago ya tafi. Ɗakin sai ƙamshin sabulu, rigarsa na rataye a kan igiya. Ya zauna bakin gado, ya ɗauko kalanda daga bango, ya laluba da yatsa har ya sami Asabar ɗin.