Hannun Auta a Gaban Likita

Karo na uku ke nan ina ɗora Auta a kan gadon nan mai shimfiɗar leda, kuma karo na uku likita yana juya hannunta ba ya ganin komai. Fata lumui. Na ji kamar in fasa ihu.

"Likita, wallahi nan ne," na ce, ina nuna masa lanƙwasar gwiwar hannunta. "Nan, da bayan gwiwa, da wuya. Wata bakwai ke nan. Sai ya bushe ya yi ja, ta sosa har jini."

"Na ji, Maman Auta. Duk ga shi a katinta yadda kika faɗa."

"To a rubuta mini takardar mana."

Takardar nan ita ta hana ni sukuni. Shugabar makarantar su Auta ta ga hannunta ranar da abin ya tashi, ta ce ƙazwa ce, za ta shafa wa 'ya'yan mutane. Sati uku yarinya tana zaune a gindin keken ɗinkina tana wasa da ƙyallaye. An ba ni zuwa Litinin mai zuwa: ko in kawo shaidar likita cewa ba a ɗauka, ko a ba wani gurbinta.

Likita ya rufe bironsa. "Yadda kike kwatantawa, ya yi kama da kyasbin nan mai busar da fata, wanda ba a ɗauka. Amma ba zan sa hannu a kan abin da idona bai gani ba."

"Wato ƙarya nake yi?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma ka nufa. Ni da nake wanke zanin gadonta da ɗigon jini, ni ce ban san ciwon 'yata ba? Kai minti biyar kake ganinta."

Ni dai bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci, kowa ya sani. Likita ya ajiye biron. Sai ya sunkuya, ya shinshina hannun yarinyar.

"Auta, me aka shafa miki?"

"Man zuwa asibiti," in ji ta, tana kaɗa ƙafa. "Na cikin jakar Mama."

Na zaro ɗan bututun man da mai kemis ya ba ni. Ya ce mini yana da ƙarfi, kada in wuce kwana uku ina shafawa. Shi ya sa nake adana shi. Duk lokacin da ranar ganin likita ta matso, sai in shafa mata kwana uku a jere, in yi mata wanka, in mulke ta da mai, in sa mata rigar fita. Haka aka rene ni: ba a kai yaro gaban mutane a wulaƙance, a ce uwarsa ƙazama ce.

Likita ya karanta jikin bututun ya ajiye. "Kullum sai kin share sawun ɓarawo, sannan ki kira ni in kama shi."

Kunya ta rufe ni.

"Ki dawo Juma'a. Daga yau kada ki shafa wannan. In ya fara ruwa ko jikinta ya yi zafi, ki taho nan take, kada ki jira."

Ranar Talata lafiya lau. Laraba ta fara murza hannu a gefen teburin yanka. Alhamis na yanke mata farce har sau biyu, na sa mata safa a hannu, ta cire da haƙori. Ina taka keke ina jin ƙarar sosawa a bayana, ƙarat ƙarat, har ɗinki ya karkace na farke. Ta zo ta dafa cinyata.

"Mama, man yana jaka."

"Na sani."

"To ki shafa mini."

Na ce sai gobe. Ta tsaya tana kallona, ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Na tsani likitan, na tsani shugabar makarantar, na fi tsanar kaina.

Ranar Juma'a hannuna ya kai kan riga mai dogon hannu, na mayar, na sa mata mai gajere. A bencin jira wata mata ta dubi Auta, ta janye ɗanta zuwa ɗaya gefen. Na jawo Auta jikina.

Likita ya ɗaga hannun zuwa hasken taga. Ya duba tsakanin yatsu, ya duba wuyan hannu da cibiya, ya koma bayan gwiwa. Ya daɗe. Ni kuwa ina ta jiran ya ce ƙazwa ce bayan duk wannan.

"Ba ƙazwa ba ce," ya ce. "Wurin da kika faɗa, yadda kika faɗa. Ko ɗaya ba ki kuskure ba."

Ya jawo takarda ya fara rubutu. Na zaci zan ji daɗi. Auta ta ja gefen mayafina da hannun nan da ya yi jawur.

"Mama, ya yarda da ke yanzu?" ta ce a hankali. "To a shafa mini."